Me Ya Sa Ba A Saurin Rufe Tsohuwar Tashar Kuran?

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa zama da dare a watan bazara, zafi ya matsa, sai kuran ya ɗauke? Mai niƙa ya tsaya, mai walda ya zauna, ƙanƙarar mai saida ruwan sanyi ta narke. Mu ma a ajinmu na yaƙi da jahilci, sau da yawa mun ƙarasa darasi da tocila. Yau za mu ga yadda wutar lantarki take aiki, da dalilin da ya sa ko ƙasashe masu arziki sukan riƙe tsofaffin tashoshinsu.

Wuta ba ta da rumbu

Hatsi, in an girbe shi, sai a zuba a rumbu, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har damina. Wutar lantarki ba haka take ba. Waya ba ta ajiye ta. Wutar da ta kunna ƙwan ɗakinka, a wannan lokacin wani inji yake yin ta. Akwai manyan batura da ke ajiye wuta, amma suna da tsada, kuma galibi na ƴan awowi ne.

Saboda haka dole wutar da ake yi ta yi daidai da wadda ake sha, dare da rana. Ka ɗauki misalin amalanke. In kaya sun fi ƙarfin shanu, tafiya ta yi nauyi. In an ƙara kaya, sai shanun su durƙushe. Haka injunan wuta suke. In masu sha sun fi ƙarfinsu, sai juyinsu ya ragu. In ya ragu da yawa, sai su kashe kansu don kada su lalace, gari duka ya shiga duhu. Shi ya sa ma'aikata kan yanke wa wata unguwa wuta da gangan, don a tsirar da sauran.

To, ka ga ke nan ana bukatar inji na ko-ta-kwana, wanda za a tayar ranar da bukata ta yi yawa, ko ranar da wani inji ya lalace.

Abin da ya faru a Jamus

Jamus ƙasa ce mai masana'antu da yawa a Turai. A shekarar 2011, bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, ta yanke shawarar rufe tashoshinta na nukiliya duka zuwa ƙarshen 2022. A 2020 kuma ta yi doka cewa za ta daina yin wuta da gawayin ƙasa, in ya daɗe a 2038, don hayaƙinsa yana ɓata iska, yana ƙara zafin duniya. Niyyarta ita ce ta dogara ga iska da hasken rana, iskar gas kuma ta cike giɓi.

Amma a wancan lokacin, fiye da rabin gas ɗin nan daga Rasha yake zuwa. A watan Fabrairu na 2022 Rasha ta afka wa Yukiren da yaƙi. Gas ya yi ta raguwa, har a ƙarshen Agusta babban bututun da ke kawo shi ta ƙarƙashin teku ya tsaya cak. Ga sanyi yana tafe, kuma da gas ɗin nan ne mutane da yawa ke ɗumama ɗakunansu.

Me suka yi? Sai suka tuna cewa da tsohuwar zuma ake magani. A watan Yuli na 2022 aka yi dokar da ta ba da izini a sake tayar da tashoshin gawayi da aka jingine. Tashar Mehrum ta koma aiki a watan Agusta. Tashoshin nukiliya uku da suka rage, wato Isar 2, da Emsland, da Neckarwestheim 2, aka ƙara musu wa'adi har 15 ga Afrilu 2023, sannan aka rufe su. Da hankali ya kwanta, a ƙarshen Maris 2024, aka sake kashe da yawa daga tashoshin gawayin.

Akwai wata doka ta Jamus da ya kamata ka sani. Mai tasha ba ya rufe ta yadda ya ga dama. Sai ya sanar shekara guda kafin lokaci. In hukuma ta ga rufewar za ta jefa wani yanki cikin hatsari, sai ta hana, a bar tashar cikin shiri. Dalili guda shi ne, iska mai ƙarfi tana arewacin ƙasar, manyan masana'antu da yawa kuma suna kudu, wayoyin da ke tsakani ba su isa ba.

Wa ke biya?

Kada ka ce abin kyauta ne. Tsohon inji ya fi shan mai ko gawayi, ya fi lalacewa, ya fi hayaƙi. Ko ba ya aiki, dole a biya ma'aikata, a sayi kayan gyara. A ƙarshe kuɗin nan suna shiga takardar biyan wuta ta masu gida da masu sana'a. Shi ya sa ake gardama. Wasu na cewa a rufe, a sa kuɗin a sabbin tashoshi. Wasu na cewa a dakata tukuna, sai sabuwar ta tsaya da ƙafarta.

Mu fa a Nijar?

Wannan magana ta shafe mu. Shekara da shekaru, mafi yawan wutarmu daga Najeriya ake sayo ta. Waya guda ta taso daga Birnin Kabi zuwa Yamai. Wata ta taso daga Katsina zuwa Gazawa, ta rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga can take fitowa.

A farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar, ba ta maido ba sai a watan Maris 2024. A tsakanin nan, injunanmu na gida suka ɗauki nauyi, irin na Gudel da Goru Banda a Yamai, tare da tashar hasken rana ta Goru Banda da ta fara aiki a 2023. Ba su isa kowa ba, sai aka riƙa rabon wuta unguwa-unguwa. Amma da babu su fa? Gaskiyar masu magana: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A arewa kuma, tashar gawayi ta SONICHAR kusa da Cirozerin ta fara aiki a 1981, ta yi fiye da shekara 40 tana ba Agadas da Arlit wuta.

Abin da za ka riƙe

Kafin a rufe tsohuwar tasha, sai a tambaya: sabuwar ta gama ginuwa? Wayar da za ta kawo wutar ta isa? In rana ta faɗi ko iska ta kwanta, wane inji zai karɓa? Kai ma kana da naka taimako. Da magariba ne aka fi shan wuta, don haka ka kashe ƙwan da ba ka bukata.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a iya ajiye wutar lantarki kamar hatsi?
2. Me ya sa Jamus ta sake tayar da tashoshin gawayi a 2022?
3. A garinku, wace sana'a ce ta fi shan wahala in kuran ya ɗauke?