Motar tsere ta masu koyo

A ƙasashen Turai akwai wata irin mota da ba a ganin ta a tasha ko a kan hanyar kasuwa. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar fasinja. Kujera ɗaya tak gare ta. Ba ta da ƙofa, ba ta da rufi, tayoyinta huɗu kuma duk a waje suke, babu abin da ya rufe su. Sunanta Fomula 4. An ƙera ta ne domin samari da ƴan mata masu koyon tseren motoci.

Tseren motoci hawa-hawa ne, kamar azuzuwan makaranta. Yaro yakan fara da wata ƴar ƙaramar mota da ake kira kart. In ya kai shekara 15, yana iya shiga Fomula 4. Daga nan sai ya nufi Fomula 3, sai Fomula 2. Babban aji shi ne Fomula 1, inda gwanayen duniya suke karawa. Hukumar wasan motoci ta duniya, FIA, ita ce ta tsara dokokin Fomula 4 a shekarar 2013. An yi gasar farko a Italiya a 2014.

Yaya motar take?

Gajera ce ƙwarai, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Matuƙi yana zama a kishingiɗe, ƙafafunsa miƙe a gaba. Injin yana bayansa. Motar da matuƙinta duka wajen kilo 600 ne, wato ba ta kai nauyin ƙaramar motar gida ba. Shi ya sa take iya gudun da ya wuce kilomita 200 a awa ɗaya.

Tana da fukafukai biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Amma ba don ta tashi ba ne. Fiffiken jirgin sama yana sa iska ta ɗaga jirgi. Na motar tsere an kife shi ne, saboda haka iska danna motar take yi ƙasa. Iyakar gudunta, iyakar yadda iska take manna ta da kwalta. Wannan ne yake hana ta sulɓewa a kan kwana.

Tayoyinta ma daban suke. In hanya a bushe take, ana sa mata tayoyi sumul marasa zane, domin roba mai yawa ta taɓa kwalta. In ana ruwa, sai a sake su da masu zane. Zanen ne yake kore ruwa daga ƙarƙashin taya.

Me ya sa motocin duk iri ɗaya ne?

A kowace gasa, duk masu tsere irin mota ɗaya suke tuƙawa, da irin inji ɗaya. A gasar Italiya kamfanin Tatuus ne yake ƙera motocin, a ta Faransa kuwa kamfanin Mygale ne ya ƙera su. A Faransa ma, makarantar tsere da ke birnin Le Mans ita ce take kula da motocin duka. Ba wanda zai sayi injin da ya fi na sauran ƙarfi. Wanda ya ci, da gwanintarsa ya ci: ya san inda zai taka birki, ya san yadda zai shiga kwana, ya san lokacin da zai wuce abokin karawarsa.

Duk da haka wasan yana cin kuɗi mai yawa. Akwai yara masu hazaƙa da suke barin sa don ba su sami mai ɗaukar nauyinsu ba.

Tsare rai

Tunda tayoyin a buɗe suke, in tayar wata mota ta hau ta wata, motar tana iya tashi sama ta kife. Don haka darasin farko shi ne barin fili tsakanin mota da mota. Matuƙi yana sa hular kwano da tufafin da wuta ba ta saurin ci, ana kuma ɗaure shi tam da ɗamara. Wurin zamansa an yi shi da wani abu mara nauyi amma mai ƙwarin gaske. Motocin da aka fara aiki da su a 2022 suna da wani ƙarfe mai kama da baka a saman kan matuƙi, wanda yake tare masa abin da zai faɗo.

Ana yin tseren ne a fili na musamman da aka killace. Babu mai tafiya a ƙasa, babu dabbobi. Likita da ƴan kwana-kwana suna tsaye a shirye. Ana yi wa matuƙa magana da tuta: rawaya na nufin akwai haɗari, a rage gudu, kada a wuce kowa, ja na nufin a dakatar da tsere. Wanda ya ƙi bin tuta ana hukunta shi, ko da shi ne a gaba.

Lando Norris, ɗan Ingila, ya ci gasar Fomula 4 ta ƙasarsu a 2015 yana da shekara 15. A 2025 ya zama zakaran duniya na Fomula 1. Shekara 10 ya yi tsakanin ajin farko da wannan matsayi. A 2023 kuma an buɗe wata gasa ta ƴan mata zalla da irin wannan mota.

Mu riƙe

Motar Fomula 4 aji ce ta koyo. Gudunta a cikin filin tsere ya tsaya. A kan hanyar gari, gwanin direba shi ne wanda ya kai mutanensa gida lafiya.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta fiffiken motar tsere da na jirgin sama?
2. Don me ake sake tayoyi in ana ruwa?
3. Mece ce ma'anar tuta rawaya?
4. Zagaye ɗaya na wani fili kilomita 4 ne. Mota ta zagaya sau 15. Kilomita nawa ta yi?