Shinkafa mai jure fari: ina juriyarta ta tsaya?

Manoma da dama na tambaya ko shinkafar NERICA tana yi inda ruwa bai wadata ba. Tana yi, amma ba kamar hatsi ba.

A shekarun 1990 ne wani masani ɗan Saliyo, Monty Jones, ya haɗa irin shinkafar Afirka da ta Asiya ya samo ta. Wasu nau'o'inta na nuna cikin kwana 90 zuwa 100, tun damana ba ta ɗauke ba.

To amma fa in ruwa ya yanke lokacin da take fid da kai tana hure, ƙaiƙayi za a girba. Mai ɗan ruwa a rijiya ko fadama ya tattala shi don waɗannan kwanaki. Gonar jigawa kuwa, a bar wa hatsi.