Takardar Ingila ta iso, amma yaron bai shiga jami'a ba tukuna

A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. A wannan watan ne kuma jaridar Sunday Times ta Landan ta fito da rahoton cewa ɗaliban ƙasashen waje na shiga manyan jami'o'in Birtaniya ta kwasa-kwasan share fage, wato faundeshan, da sakamakon da ɗan ƙasa ba zai ko leƙa ƙofa da shi ba. Tun daga lokacin, duk inda aka ambaci faundeshan a majalisun Sakkwato sai baki ya rabu biyu. Wasu su ce ai Kwatano ce ta sa kwat. Wasu su ce ƙofar baya ce, mai kuɗi ya biya ɗansa ya wuce, ko da lissafi ya kayar da shi a WAEC.

Duka ɓangarorin ba su gane abin ba. Sai dai kuskuren na biyu ya fi tsada, don shi ke sa uba ya sayar da fili.

Asalin abin lissafin shekaru ne. Yaron Ingila yana yin shekara 13 a makaranta kafin jami'a, biyun ƙarshe yana karatun A-Level a darussa uku, sannan ya yi digiri a shekara uku. Yaron Mabera ko Runjin Sambo a Sakkwato yana yin shekara 12, ya rubuta WAEC ko NECO, ya yi digiri a shekara huɗu. Shekarar da ta ɓace a tsakani ita ce faundeshan. Dattawan da suka yi HSC kafin zuwan tsarin 6-3-3-4, ko suka bi ta SBS a Zariya, sun san ta sarai. Ba sabon abu ba ce, kuma ba damfara ba ce.

Abin da yake sabo shi ne mai sayar da ita. Mafi yawan waɗannan kwasa-kwasai kamfanoni masu zaman kansu ke gudanar da su bisa yarjejeniya da jami'a. Navitas ya faro a birnin Perth na Ostareliya a 1994 tare da Jami'ar Edith Cowan. INTO ya soma da Jami'ar East Anglia, Kaplan na da kwaleji a Glasgow da Liverpool, ga Study Group, ga Oxford International, wanda ba shi da wata dangantaka da Jami'ar Oxford ban da suna. Kamfanin ke nemo ɗalibai ta hannun ejan a Legas da Abuja da Kano, shi ke karɓar kuɗin shekarar farko, sau da yawa shi ke ɗaukar malamai. Hajar tasu kashi uku ce: faundeshan ga mai WAEC, wanda ke kai shi aji ɗaya, wani kwas da ke madadin aji ɗaya ya tsallakar da ɗalibi zuwa aji biyu, sai na share fagen digiri na biyu, wanda masu HND da masu digiri mai rauni ke bi.

A nan ne ya kamata uba ya sa tabarau ya karanta takardar da aka turo wa ɗansa, maimakon ya ɗauki hotonta ya watsa wa dangi. A sama akwai tambarin jami'a, babba, da launinsa. Ƙasa kaɗan, da ƙananan haruffa, akwai sunan wata kwaleji ko cibiyar ɗaliban waje, kuma ita ce ta ɗauki yaron. A shafi na biyu ko na uku akwai sharuɗɗan wucewa: makin da dole ya samu a darussan shekarar, makin Ingilishi daban, da adadin halartar aji. A kusa da ƙarshe akwai kuɗin kafin alƙalami da ranar biyansa, da bayanin yanayin da za a mayar da shi da wanda ba za a mayar ba. Ejan yakan nuna shafin farko. Sauran sai wanda ya tambaya.

Wannan takarda baiko ce, ba ɗaurin aure ba. An kai gaisuwa, an karɓa, an sa rana, yaro na shiga gidan ana kiransa suruki, yana da katin ɗakin karatu yana cin abinci a kantin jami'a. Amma waliyyi bai ce ya bayar ba. Idan ƙarshen shekara ya zo maki bai kai ba, jami'ar ba ta saki kowa ba, don ba ta taɓa aura ba. Kamfanin zai iya nemo masa wata jami'ar da ta fi sauƙin sharaɗi, a wani garin da bai taɓa jin sunansa ba, ko a ba shi damar sake jarrabawa, ko ya tattara kayansa. Kayan da aka kai kuwa an riga an ci.

Bayan rahoton Sunday Times, ƙungiyar jami'o'in Birtaniya ta nemi hukumar tabbatar da ingancin ilimi, QAA, ta binciki lamarin. Rahoton da ta fitar a watan Yulin 2024 ya ce sharuɗɗan shiga waɗannan kwasa-kwasai sun yi daidai, a dunƙule, da na takwarorinsu da ake yi wa 'yan ƙasa, ko da yake ta lura ɗaliban faundeshan na samun damar maimaita jarrabawa fiye da masu A-Level. Ma'ana dai akwai sassauci, amma babu digirin mako shida. Wanda ya kammala ya karɓi takardarsa, digirin jami'ar ne na gaske, irin wanda ma'aikatar ilimi ta tarayya ke tantancewa kafin a tafi bautar ƙasa.

Me ya sa kusan kowane talla na harkar gudanar da kasuwanci ne? Wannan fanni shi ya fi kowanne yawan ɗaliban waje a Birtaniya, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko asibitin koyarwa, aji ɗaya zai ɗauki ɗaruruwa, ba a neman kimiyya a sakamakon sakandare, kuma babu wata hukumar ƙwararru da ta ƙayyade yawan kujeru kamar yadda ake yi a likitanci. Ga mai sayarwa, wannan ita ce haja mai saurin fita. Ga Basakkwace kuma kalmar kasuwanci na da daɗin ji. Mutumin da ya tara dukiyarsa da albasa ko fata ko shanun Kara yana ganin ɗansa zai je ya koyo yadda za a riƙe abin da aka tara. Wani lokaci hakan na faruwa. Amma a shekarar faundeshan abin da za a koya masa shi ne rubutun Ingilishi na jami'a, yadda ake kawo hujja ba tare da satar fasaha ba, ɗan lissafi da ƙididdiga, da gabatarwar tattalin arziki. Rabinsa ƙanensa na karantawa a aji ɗaya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Dundaye.

Sai batun kuɗi, inda ake yin lissafin shekara ɗaya a manta da uku. Kuɗin faundeshan kaɗai yakan kama daga wajen fam 14,000 zuwa sama da 20,000. Bisa ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, kafin a ba da biza sai an nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara ga mai zama wajen Landan, wato fam 10,224, ko fam 1,483 a wata ga mai zama Landan, kuma kuɗin ya kwana 28 a asusu ba a taɓa shi ba. An ma sake ɗaga adadin daga baya. Ga harajin lafiya na fam 776 a kowace shekara, ga kuɗin biza, ga gwajin tarin fuka da jarrabawar IELTS, waɗanda ke nufin tafiya mai nisa daga Sakkwato. A lokacin da fam ke kusan naira 2,000, shekarar farko ta haura naira miliyan 50, kuma ita ce ba a ba da digiri a ƙarshenta.

Waɗanda suka yi lissafi da tsohon canji sun ga abin da ya biyo baya. Dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin a saki naira a watan Yunin 2023. Zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. A watan Mayun wannan shekarar aka ga ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside suna zanga-zanga riƙe da kwalaye, bayan an cire wasunsu daga karatu saboda sun kasa biyan kuɗin zango a kan lokaci.

"Ai yaron zai yi aiki ya biya wa kansa." Wannan magana ta fi kowace yawo, kuma ita ta fi rauni. Ɗalibin digiri na da izinin aikin awa 20 a mako lokacin karatu. Faundeshan yana ƙasa da matakin digiri, don haka izininsa awa 10 ne, a wasu cibiyoyin ma babu. Bizar zama bayan karatu da aka buɗe a Yulin 2021 ta masu kammala digiri ce, takardar share fage ba ta ba da ita. Magidancin da ke shirin bin share fagen digiri na biyu ya tafi da iyali shi ma ya makara: daga 1 ga Janairun 2024 an rufe wannan ƙofa ga masu digiri na biyu na aji, bayan alƙaluman 2022 sun nuna 'yan Nijeriya sun fi kowa kai iyali, sama da mutum 60,000. Kanada ma a Janairun 2024 ta sa wa bizar ɗalibai iyaka.

Abin mamaki, Sakkwato ba baƙuwar share fage ba ce. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ta daɗe da makarantar matirik, kuma tana da tsangayar kimiyyar gudanarwa. IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita tun shekarun 1970, da JUPEB da ta zo a 2014, duk shekara guda ce ta darussa uku da ke kai yaro aji biyu kai tsaye. Ba wanda ke yin walima don ɗansa ya samu gurbin IJMB, domin kowa ya san sai ya ci maki. Da an sa wa abin tambarin Turai sai wannan sanin ya gushe. Akwai kuma hanyoyi na tsakiya da ejan ba ya ɗokin faɗa: ƙungiyar NCUK, wadda jami'o'in arewacin Ingila suka kafa a 1987, tana da cibiyoyi a Nijeriya inda ake yin faundeshan a gida, kuma wasu jami'o'in Birtaniya na karɓar mai difuloma ko wanda ya gama aji ɗaya a jami'ar Nijeriya ba tare da share fage ba. Ejan dai ladansa na fitowa ne daga wurin da ya kai ɗalibi, ba daga wurin da ya fi wa ɗalibin sauƙi ba.

Hukumomi sun nuna zafin nama a kan Kwatano bayan ɗan jarida ya yi musu aikin. A kan masu tallar karatun waje kuwa, waɗanda jarinsu bai wuce waya da shafin Instagram ba, uba a Sakkwato har yanzu ya fi dogara da shaidar maƙwabci. Ga shi ƙa'idojin can ba sa jira. Gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa daga Janairun 2027 bizar zama bayan digiri za ta ragu daga shekara biyu zuwa wata 18, kuma duk yaron da ke cike fom ɗin faundeshan yanzu ba zai gama digirinsa ba sai wannan doka ta daɗe da fara aiki.