Hayaƙin Wani, Huhun Wani

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi da daddare, a Kunduru ne ko a bakin tashar Kankiya, ya san yadda abin yake. Mutum zai gama shan shayinsa, ya zaro karan sigari daga aljihu, ya ƙyasta ashana. Na kusa da shi ya kau da kai, almajirin da ke jiran ragowar burodi ya yi tari, amma ba mai cewa uffan, don kada a ce ya cika fitina. Haka yake a gidan kallon ƙwallo, inda ma ya fi muni: rufin kwano, ƙofa ɗaya, yara cunkus a gaban talabijin.

Mutane da yawa ba su san cewa wannan laifi ne a dokar ƙasa ba. A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar taƙaita shan taba, wadda ta hana busa sigari a asibiti, makaranta, motar haya, tasha, gidan abinci da makamantansu. Wanda aka kama, tarar naira 50,000 ce ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali. To, je ka wajen mai tireda ka ce a ba ka kara ɗaya, ka ga ko zai yi maka musu. Kuma sau da yawa yaro ake aika ya sayo.

Dalilin dokar a fili yake. A cikin hayaƙin sigari akwai sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji, kuma hayaƙin ba ya tambayar wa ya biya kuɗin karan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan ɗaya ke mutuwa duk shekara ba don sun taɓa shan taba ba, sai don shaƙar ta wasu. Yara sun fi shan wahala, domin huhunsu bai yi ƙwari ba: asma, ciwon kunne, tarin da ba ya jin magani. Mai juna biyu kuwa tana iya haifar jariri marar nauyi. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya kore illar.

Mashayi zai ce kuɗinsa ne, jikinsa ne. Gaskiya ne, amma iskar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Ni dai ban sa ran ɗan sanda zai riƙa zagaya ƙauyukan Kankiya da Kusada yana farautar masu busa hayaƙi ba. Masu iya aikin suna nan tare da mu. Shugaban tasha idan ya ce ba a sha a cikin mota, ba direban da zai ja da shi. Mai gidan kallo yana iya rubutawa a jikin ƙofa. Liman ya ambata a huɗuba, mai unguwa ya ja kunnen masu tireda kan sayar wa yara.

Kai kuma Malam mai sha, ba a ce ka daina yau ba, ko da yake hakan ya fi maka. Idan ta motsa, ka tashi ka yi nesa da jama'a, kuma kada ka ƙara aiken yaro sayen sigari.