Ranar Tunawa da Waɗanda Suka Yi Barci

Sa'anda Nuwamba ya kama, dawa ta nuna, hankalin kowane manomi yana gona. Cikin wannan wata ne kuma masu bi a ƙasashe da yawa suke taruwa a majami'a domin su tuna da 'yan'uwansu da suka rigaya su gidan gaskiya. Katolika da Angilikan suna kiyaye ran 1 ga wata, Ranar Dukan Tsarkaka. Ran 2 ga wata kuwa Katolika suna yi wa dukan matattunsu addu'a. Wani shugaban gidan sufaye na Kuluni a ƙasar Faransa, mai suna Odilo, shi ya kafa wannan rana ta biyu wajen shekara ta 1000, ya kuma haɗa ta da ciyar da matalauta. A Jamus, tun shekara ta 1816, ikilisiyoyin Furotesta suna da tasu Lahadi a ƙarshen Nuwamba. A cikin sujadar ana karanta sunan kowane mai bi da ya mutu a wannan shekara.

Mun sani koyarwarmu ba ɗaya ba ce a nan. Waɗansu ikilisiyoyinmu ba sa yi wa matattu addu'a, sai dai su gode wa Allah saboda rayuwarsu, su roƙa wa iyalinsu ta'aziyya. Ba gardama muka kawo ba. Kowa ya bi abin da fastonsa da dattawa suka koya masa. Amma kiran suna a gaban jama'a, wannan babu wanda ya hana.

Ga abin da ya sa muke maganar a takardar manoma. A ƙauyukanmu bikin cikar shekara ya zama kaya mai nauyi. Mai gida ya mutu da damina, an yi makoki kwana da kwanaki, baƙi sun ci daga rumbu. Shekara ta kewayo, sai a sāke yanka akuya, a dafa shinkafa, a ɗinka anko, a buga hoto a kalanda. Domin gudun kunya, gwauruwa takan sayar da hatsinta da kaka, lokacin da ba shi da daraja a kasuwa, sa'an nan ta sayi mudu da tsada a watan Agusta. Wata har irin shuka take taɓawa, wata ta jinginar da gona. Mamacin da aka yi dominsa, da za a tambaye shi, da ba zai yarda 'ya'yansa su kwana da yunwa ba.

Idan ikilisiya ta ware Lahadi ɗaya, dukan iyalai suka yi tunawarsu tare, nauyin ya rabu. Mai kuɗi da talaka sunansu yana fita daga baki ɗaya, a layi ɗaya. Jaririn da bai kai wata ba ana kiransa kamar yadda ake kiran dattijo. Akwai kuma waɗanda ba su da kabari. A Oktoba 2014, sa'anda 'yan Boko Haram suka kama hedkwatar EYN a Kwarhi kusa da Mubi, mutane suka watse cikin duwatsu da jeji, waɗansu har Kamaru. Iyalai da yawa na wannan yanki ba su binne nasu ba. Ga irin waɗannan, jin sunan a majami'a shi ne jana'izar da ba su samu ba.

To, ina aikin ƙungiyar gama kai? Kowace ƙungiya tana da littafin membobi. Bari sakatare ya duba shi tun Oktoba, ya fitar da sunayen waɗanda suka mutu, ya miƙa wa fasto. Kusa da kowane suna ya rubuta ko nawa ne marayu, da ko mamacin ya bar bashin taki. Ƙungiya ta zauna a kan bashin nan kafin ranar, kada a aika wa gwauruwa takarda tana cikin hawaye. Ranar sujada kowane gida ya kawo mudu ɗaya ko biyu na hatsi, 'yan Zumuntar Mata su auna, su raba wa gidajen da aka kira. Su ne suka san tukunyar da ba ta hau murhu ba.

Kafin a tashi, a tsai da ranar gayya ga kowace gonar da mai ita ya bari. Dawar da aka bari a tsaye ta wuce lokacinta, tsuntsaye da dabbobi da wutar daji za su riga marayu. A yanke, a ɗaure dammuna, a kai su har bakin rumbu a yini ɗaya. Masu gayya su zo da ruwansu da abincinsu daga gida.