Ciwon hanta nau'in B: abin da bincike ya gano, da abin da ya shafi mutanen Roumbou

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Roumbou, cikin gundumar Dakoro, idan idon mutum ya yi ɗorawa sai a ce shawara ce, a nemo saiwa da sassaƙe a jiƙa masa. A wurin likitoci kuwa shawara alama ce kawai. Zazzaɓin cizon sauro na iya kawo ta, amosanin jini ma haka. Abin da ya fi damun masu bincike shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda kan zauna a jiki shekara 20 ko 30 ba tare da ido ya sauya launi ba.

Rahoton da hukumar lafiya ta duniya OMS ta fitar a 2024 ya ce mutum miliyan 254 ke ɗauke da wannan cuta a duniya, kuma kashi 63 cikin 100 na sababbin kamuwa a Afirka suke. Shekarun da mutum ya kamu su ne ke yanke hukunci: jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, sau 9 cikin 10 cutar na zama a jikinsa har tsufa, alhali babba kan warke da kansa, in ban da ƙasa da kashi 5 cikin 100. Shi ya sa a ƙasashen Sahel cutar ta fi yaɗuwa tun ƙuruciya, daga uwa zuwa ɗa, tsakanin yara, ko ta aska ɗaya da aka yi wa yara da yawa kaciya, tsaga ko cire beli da ita. Cin tuwo kwano ɗaya da mai cutar ba ya kawo ta, duk da cewa har yanzu akwai gidajen da ake ware wa maras lafiya kwanonsa.

Nijar ta sa rigakafin cutar cikin allurar Penta tun 2008, wadda ake yi wa jariri a sati na 6, na 10 da na 14. Amfaninta ba zato ba ne: binciken da aka fara a Gambiya a 1986 ya bi yaran da aka yi wa allurar har suka girma, ya nuna ta hana cutar zama a jikin mafi yawansu. Sai dai sati shida ya yi nisa ga ɗan da uwarsa ke ɗauke da cutar. OMS na son a yi allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, abin da ke da wuya ga matar da ta haihu a gida, nesa da CSI, a hanyar da sai amalanke ko babur.

Akwai kuma batun gyaɗa, wanda ya shafi jihar Maradi kai tsaye. Gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi kan yi fumfuna mai fitar da gubar da ake kira aflatoksin. Cibiyar binciken sankara ta OMS da ke birnin Liyon na Faransa ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar hanta. Idan ta haɗu da nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin kan ninka sau da yawa. Suya ba ta kashe gubar, don haka ƙuli-ƙulin da aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa, wadda ta ƙi sayuwa a kasuwa, yana ɗauke da ita.

Magani akwai. Ƙwayar tenofobir, guda ɗaya a rana, na danne cutar, ta kare hanta daga ƙandarewa, amma ba ta kawar da ita gaba ɗaya, kuma yawanci shanta na tsawon rai ne. A watan Maris na 2024 OMS ta sassauta sharuɗɗan fara shanta, ta amince da awon jini mai sauƙi a wuraren da ba su da manyan na'urori. Ga mutumin Roumbou, matakin farko shi ne awon ɗigon jini daga yatsa, mai ba da sakamako cikin mintoci kaɗan; idan an ga cutar, sai asibitin Dakoro ko na Maradi don a duba halin da hantar ke ciki. Wanda cikinsa ya kumbura, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, asibiti ya kamata a kai shi a ranar, domin jijiyoyin maƙoshi ne kan fashe idan hanta ta ƙandare.