Me Ya Dawo da Itatuwa Gonakin Maraɗi da Damagaram?

Bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984, gonakin kudancin Nijar sun zama fili fetal. Iska kan kwaso rairayi ta binne hatsi tun yana ɗan tsiro, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Yau kuwa masu bincike da suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Mafi yawansu kuma ba dasa su aka yi ba.

Wasu na cewa ruwan sama ne, don damina ta ɗan gyaru tun shekarun 1990. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta wadatar ba. Ruwan da ke sauka a Magarya da Matamaye shi ne ke sauka a ƙauyukan Najeriya da ke daf da iyaka, jigawar ma ɗaya ce, duk da haka hotunan sun nuna itace ya fi yawa a ɓangaren Nijar.

Babban dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Sabara da kalgo da magarya ba sa mutuwa don an sare su. Kututturen na nan, saiwarsa ta riga ta kai ga danshi, kowace shekara sai ya fitar da tofo, manomi kuma ya bi shi da gatari lokacin sharar gona. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, wanda dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura da wannan, ya shiga jan hankalin manoma. Dabarar, wadda ake kira sassaben zamani, ba ta da wuya: a zaɓi tofo mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar a kan kututture, a datse sauran, a rage rassan ƙasa, a tsare shi daga awaki. Dashen da aka ɗauko daga wurin reno sai ya yi fama da zafin bazara da gara da bakin dabba kafin saiwarsa ta kama. Tofon tsohon kututture ya wuce wannan matakin.

A Damagaram gawo ne ya fi yawa, shi kuma halinsa daban ne. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, sai da rani ya yi kore shar. Dabbobi su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar taki, kashinsu kuma ya watsa irin a gonaki. Duk wanda ya duba geron gindin gawo ya san ya fi na tsakiyar fili kauri da tsawon zangarniya.

To, saiwar ai tana nan tun da can, me ya hana ta tashi? A ganina nan ne gizo ke saƙar. A ƙarƙashin dokar da aka gada daga Faransa, itace na hukuma ne ko da a gonarka yake, ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara don ka sare reshe. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Da hannun hukuma ya sassauta, manoma suka fara ɗaukar itacen a matsayin nasu, sai suka bar shi ya girma.

Amfanin ya bayyana. Iska ta ragu a gona, mata sun huta da doguwar tafiyar neman itacen girki, ana samun abincin dabbobi da rani, a shekarar da hatsi bai yi ba kuma a sayar da itace a sayi abinci. Matsaloli ma ba su ɓuya ba: ɓarayin itace na sara da dare, saran rassan gawo na haddasa rikici da makiyaya, abin da ya sa ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma da makiyaya da mata. Inda kuma aka tumɓuke kututture don galma ko tarakta ta wuce, dabarar ba ta da abin kamawa, dole sai dashe.

Jihohin arewacin Najeriya na kashe kuɗi kowace damina a kan bikin dashen itace. Ya kamata su ware wani kaso don koya wa manoma renon tofon da ke gonakinsu, su kuma tabbatar musu a doka cewa itacen da suka rena nasu ne.